Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Jawabi Kan Shirin Intabiyu Na Neman Aiki



Da yawa cikinmu a nan Dandume mun sayar da masara da waken suya domin 'ya'yanmu su yi karatu. Abin baƙin ciki ne yaro ya gama makaranta, a kira shi intabiyu, ya rasa aikin saboda abin da za a iya gyarawa tun daga gida. A gida ake cin intabiyu, kafin a hau mota.

Na farko, takardu. Sau da yawa ɗanmu yana da sunan baftisma da sunan gida, sai takardar WAEC ko NECO ta ɗauki ɗaya, lambar NIN ta ɗauki ɗayan. Masu tantancewa ba sa jin dogon bayani. A jera takardu duka a duba: suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Idan sun saɓa, a je kotu a yi takardar rantsuwa tun da wuri. A kuma karɓi takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, gama aikin gwamnati ba ya samuwa sai da ita. Mai neman koyarwa ya riƙe rajistarsa ta TRCN.

Na biyu, hanya. Idan a Katsina za a yi intabiyun, kada a tashi ran nan da asuba. A bi ta Funtua da rana tsaka, a kwana kusa, a isa wurin da sauran lokaci.

Na uku, magana. Ɗana, idan an ce ka faɗi ko kai wane ne, kada ka ce kai ɗan talaka ne a taimaka maka. Faɗi abin da hannunka ya yi: gonar da ka kula da ita, 'yan ƙwadagon da ka biya, lissafin taki da ka rubuta, yaran da ka koyar. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, amma za ka koya.

Wasu suna shiga da tsoro saboda sunansu. Ku sani cewa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addini ko ƙabila. Ku faɗi sunanku da murya sarai, ku gaida kowa da ladabi. Wanda ya nemi kuɗi domin ya sayar maku da gurbi, ku guje shi.

Iyayenmu, ga namu aikin. Akwai malamai da ma'aikatan jinya masu ritaya a cikinmu. Bari su zauna da yaran nan bayan sujada, su yi masu tambayoyi kamar da gaske, su gyara masu. Gara yaro ya yi tuntuɓe a gabanmu da ya yi a gaban baƙi.

Allah ya ba 'ya'yanmu nasara. Amin.