Daga Kokwambar Teku Zuwa Jakin Gida



Yau hirarmu a kan wata halitta ce da ake kira kokwambar teku. Dabba ce mai taushin jiki, doguwa, tana rarrafe a ƙasan teku tana haɗiye yashi, ta narkar da ruɓaɓɓun abubuwan da ke ciki, ta fitar da shi tas. Aikin da Allah Ya hore mata ke nan, share gindin teku.

A ƙasar Sin abincin manya ce, ta ranar biki da karrama baƙo. Masunta kan farke cikinta, su tafasa, su sa gishiri, su shanya har ta bushe ƙarau. Mai girki kuma sai ta jiƙa ta kwanaki kafin ta sa a romo, don ita kanta ba ta da wani ɗanɗano, na romon take tsotsa. Cinikin ya daɗe. Masuntan Makassar na Indonesiya sun yi ta zuwa arewacin Ostireliya nemanta har shekarar 1907.

To amma ba ta gudu, ba ta cizo, da hannu ake tsintar ta. Kuma a ruwa take sakin ƙwai, idan dabbobin suka yi ƙaranci suka yi nisa da juna, haihuwa ta tsaya. Da farashi ya hau, sai aka yi mata wawa. Tanzaniya ta hana kamunta a gaɓar babban yankinta a 2006, a 2019 kuma taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a Janiba ya sa wa cinikin nau'inta uku takunkumi.

Jama'a, mu ba mu da teku, amma wannan labari ya iso ƙofarmu. Duk mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san yadda kuɗin jaki ya tashi, saboda ana dafa fatarsa a Sin a yi magani. Jaka kuwa shekara guda take da ciki, ɗa ɗaya take haifa. Shi ya sa a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince a hana yanka jakai don fata.

Malam manomi, jakar nan da ke kai maka taki gona, take ɗebo wa iyali ruwa, don Allah ka yi tunani kafin ka miƙa ta ga dillali.