Babur a Ajiye da Dokar Inshora a Landan

A Ingila, ajiye babur a gida ba ya sauke wa mai shi nauyin inshora. Tun shekarar 2011 doka ta wajabta cewa duk abin hawan da ke da rajista ya kasance da inshora a kowane lokaci, ko ana hawansa ko ƙura ta lulluɓe shi. Hukumar DVLA da ke Swansea tana gwada sunayen masu rajista da kundin kamfanonin inshora. Wanda aka ga babu sunansa, takardar gargaɗi ce za ta fara iske shi, sai tarar fam 100. In ya yi kunnen ƙashi, ana iya kwashe babur ɗin ko a kai shi kotu, inda tarar za ta iya kaiwa fam 1,000.

Mafita ɗaya ce: sanarwar SORN, wadda mai babur ke shaida wa hukuma cewa ya janye shi daga titi. Kyauta ce, kuma ana mayar masa da kuɗin harajin cikakkun watannin da suka rage.

A nan ne mazauna Landan suka fi shan wahala. Sharaɗin SORN shi ne babur ya zauna a gareji ko harabar gida, alhali da yawa a gidajen bene suke haya. Babur da aka ɗaure da sarƙa a bakin titi, ko da an rufe shi da tamfal, a idon doka yana kan titi, dole a yi masa inshora da haraji.

Mai gareji ma ya kamata ya nemi inshorar sata da gobara, domin ɓarayin babur sun addabi Landan.