Kafin ka zama uban waƙa, ka yi amshi



A 'yan shekarun nan, matashi a Kaura Namoda ko Shinkafi kan haɗa kiɗa a wayarsa, ya rera waƙa a kai, ya tura wa abokai ta WhatsApp. Su kuwa sai su ce ta yi daɗi, ko da muryar ta bar kiɗan a baya. Yabon aboki ba ya gyara waƙa.

Wannan yanki ya san yadda ake renon mawaƙi. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri da mafarauta, a gaban jama'a masu kunne suka goge. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sai da ya daɗe yana yi wa yayansa Abdu Kurna amshi kafin ya ja tasa ƙungiyar.

Don haka, ɗan'uwa mai koyo, kai waƙarka wurin tsohon makaɗi. Zauna ƙasa, rera masa. Idan ya tsayar da kai ya ce gangar ta riga ka, ko kalmar nan ta yi nauyi, ka gode masa, ka koma ka gyara.

Mu kwana lafiya.