Jirgin Ƙasa Ya Dawo Agege: Jawabi A Taron Ƙungiya



An ce mu yi magana a kan jirgin ƙasa. To ai mu ba baƙinsa ba ne. Tun da aka haɗa dogo daga Ikko har Kano a 1912, kakanninmu ke loda huhunan goro a tashar Agege, taragu su yi Arewa, su komo da shanu. Goro da reluwe su suka zaunar da Bahaushe a wannan gari. Daga baya jirgi ya lalace, muka koma bin molue da danfo, mutum ya fito da asuba, hantsi ya same shi a Oshodi.

Yanzu abin ya sauya. A watan Yuni 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabon layi daga Ikko zuwa Badun, kilomita 157, kuma yana tsayawa a nan Agege, tashar da aka sa wa sunan Babatunde Fashola. Sannan ga jirgin cikin gari, Jan Layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda aka ƙaddamar a Fabrairu 2024, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoba. Yana bi ta Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Da katin Cowry ake shiga, irin na motar BRT.

Wasu samarinmu na cewa wai mun samu irin jirgin Japan. A'a, da sauran tafiya. Nasu ya fara gudu tun 1964, na Maroko kuwa da aka buɗe a 2018 yana kai kilomita 320 a awa. Na Badun an gina shi ne don 150. Amma jama'a, ko rabin wannan gudun ya isa ya hallaka mutum.

Nan ne damuwarmu take. Mun saba da tsohon jirgi mai tafiyar hawainiya, sai ya yi ƙugi a janye tire, ya wuce a mayar. Har yau akwai 'yan'uwanmu masu kasa tumatir da albasa a bakin dogo, akwai yaran da ke tsallakawa zuwa makarantar allo. Jirgi ba mota ba ne, ko direba ya hango ka ya taka birki, sai ya yi nisa kafin ya tsaya. Ba mu manta da ran 9 ga Maris 2023 ba, lokacin da jirgi ya yi karo da motar ma'aikatan gwamnati a mararrabar PWD, aka yi asarar rayuka. Allah ya kiyaye gaba.

Saboda haka muna roƙon limamai su faɗi wannan a masallatai, malaman allo kuma su haɗa ƙananan yara da babba in za a ƙetare, a bi ta inda aka keɓe. Masu kasa kaya kuwa, ba mu ce su tashi haka kawai ba, abincinsu ne. Muna neman a naɗa dattawa su je ƙaramar hukuma a nema masu wuri, tun kafin a zo a kwashe kayansu.

Wanda bai iya sayen kati ba, ya tsaya bayan addu'a, samari za su nuna masa.