Tabo, Allura da Hannuwan Yesu

Yau za mu yi magana a kan tabo, da kuma wata sana'a ta zamani wadda ake ɓoye shi da allura da tawada.

Mu mazauna Sabo ta Ibadan mun saba ganin fuska mai zane. Tun da aka kafa unguwar a 1916, Bahaushe mai bille da Bayarabe mai tsagar da suke kira pele ko abaja suke cin kasuwa ɗaya. Wanzami ya yi wa kakanninmu zanen gado, mata kuma suna yin jarfa don ado. Amma zamani ya juya. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003, a sashe na 24, ta hana yi wa yaro tsaga ko jarfa. Waɗansu da aka yi musu tun suna jarirai, yau neman hanyar rufe ta suke yi. Haka nan yarinyar da ruwan zafi ya ƙona, da saurayin da ya faɗo daga acaba.

Yaya ake yin aikin? Ana haɗa tawada mai kama da launin fatar mutum, a shigar da ita cikin tabon da ƙaramar allura ta inji. Jarfa ce dai, sai dai manufarta kada a gan ta. Launi kaɗai take gyarawa. In tabon ya lotsa ko ya taso, haka zai zauna. Ya fi dacewa da tabon da ya kwanta, ya fi fata haske, ya kuma warke sarai, abin da kan ɗauki shekara guda ko fiye. Tawadar takan koɗe bayan 'yan shekaru, a sake komawa.

A nan sai mu yi hattara. Mu baƙar fata mun fi saurin samun tabon nan mai kumburi da ke ta girma, wanda likitoci ke kira keloid. Mai irin wannan jiki, allura na iya ƙara masa wani. Allurar da aka yi wa wani aiki da ita kuwa tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Saboda haka kafin mu miƙa fuskarmu ga kowa, mu fara ganin likitan fata. Asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, ba shi da nisa da Sabo. Rigakafi ya fi magani.

To, zunubi ne? Waɗansu sukan kawo Littafin Firistoci 19:28, inda aka hana Isra'ilawa tsaga jiki saboda matattu da yin jarfa. In mun duba surar, za mu ga Allah yana raba jama'arsa ne da al'adun masu bautar gumaka. Wadda take so ta rufe ƙuna don ta shiga taro hankali kwance, ba gunki take yi wa sujada ba. Kada mu ɗora mata nauyin da Allah bai ɗora mata ba.

Amma akwai tabon da tawada ba ta kai wa. Sunan tsiya da aka laƙaba wa yaro a makaranta, da auren da aka fasa saboda fuska, a zuciya suke zama. Mu buɗe Yahaya sura 20. Yesu ya tashi daga matattu da jiki mai ɗaukaka, duk da haka gurbin ƙusoshi yana nan a hannuwansa. Ya nuna wa Toma, da shi ne kuwa Toma ya gane Ubangijinsa. Manzo Bulus ma, a Galatiyawa 6:17, ya ɗauki tabon dūkan da ya sha a matsayin shaidar cewa shi na Yesu ne.

'Yan'uwa, wanda ya ga dama ya rufe nasa, ya yi da shawarar likita. Wanda ya bar nasa, kada ya sunkuyar da kai. Mu iyaye, kada mu sa wa 'ya'yanmu aska a fuska, kada kuma mu bar su su yi wa mai tabo ba'a.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai da kake duban zuciya, ka warkar da raunin da ido ba ya gani, ka koya mana mu karɓi juna yadda ka karɓe mu, cikin sunan Yesu. Amin.