A KAWO WUTAR SOLA, AMMA BA A KAN GONAR TALAKA BA

Jawabin da aka yi wa jama'ar ƙasar Minjibir. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Dattawa iyayenmu, malamai, iyayenmu mata, manoma da makiyaya, masunta da masaƙa, da 'yan'uwana samari, ina gaishe ku da sunan jam'iyyarmu. Mutanen Kunya da Wasai da Kantama, da na Kore da Sarbi da Gandurwawa, da sauran mazaɓunmu goma sha ɗaya, sannunku da zuwa. Ni yaro ne a gabanku, saboda haka ina neman izinin manya in yi magana a kan abu guda, watau wutar lantarki mai aiki da hasken rana, wadda muke kira sola, da kuma wurin da za a kafa ta.

WUTA MUNA SO

Kada kowa ya tashi daga nan ya ce jam'iyyarmu ba ta son sola. Muna so ƙwarai. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, mai injin ban-ruwa a bakin dam ɗin Wasai ya san abin da yake kashewa kafin tumatirinsa ya nuna. Mai injin niƙa ya sani, mai walda ya sani, ungozomar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya ita ma ta sani. Rana kuwa Allah ya hore mana ita, ba a sayenta, ba a bin layi a kanta.

Abin ma ya riga ya iso Jihar Kano. Cikin 2019 an buɗe tashar sola a Jami'ar Bayero mai ƙarfin megawat 7.1. Cikin Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata a Kumbotso mai megawat 10. A wannan shekarar ta 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, aka yi sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba kowace jiha ikon samar da wutarta da rarraba ta. Ma'anar wannan ita ce kamfanoni za su yi ta zuwa neman fili, kuma gwamna da 'yan majalisar jiha da za ku zaɓa su ne za su ce musu ga inda za ku kafa.

YADDA AKE ZAƁEN WURI

To, yaya ake zaɓen wurin? Ba da ƙafa ake fara zuwa ba, da taswira ake farawa. Ana ɗauko hoton ƙasa daga tauraron ɗan'adam a zuba a kwamfuta. Sa'an nan a yi ta ɗora tambaya a kan tambaya. Ina ne rana ta fi ƙarfi? Ina ne ƙasa take a shimfiɗe, ba tudu ba kwari? Ina ne yake kusa da babbar wayar lantarki, don kada jan wutar ya ci kuɗi? Ina ne mota za ta iya shiga? Ina ne ruwa ba ya kwanciya da damina? Duk wurin da ya ci waɗannan tambayoyi sai a shafa masa launi, a ce nan ya dace.

Ku duba da kyau, jama'a. Ƙasarmu a shimfiɗe take, ga rana, ga titi, ga mu a bakin birnin Kano inda masu sayen wutar suke. Watau dai duk tambayar da kwamfuta za ta yi, Minjibir ta ci. Kuma idan da rani aka ɗauki hoton, bayan an kwashe amfani an ɗaure kara, gonar da ta ba ka dami talatin za ta fito a hoto kamar filin da ba mai shi. Hoto ba ya nuna gayaunar mace. Ba ya nuna gonar da ke hannun jingina ko aro, ko ta marayu da ba a raba ba tukuna. Ba ya nuna burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, ko tsohuwar maƙabartar da kakanninmu suke kwance. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan abubuwa sai an tambaye ku za su hau taswira, in ba a tambaya ba kuwa, a wurin mai zane babu su.

GA LISSAFI

Da koyarwa na fara, to bari in yi muku lissafi irin na aji. Faɗin ƙaramar hukumar Minjibir murabba'in kilomita 416 ne, watau hekta 41,600. A ƙidayar 2006 mu 213,794 ne. In ka raba ƙasar ga mutanen, kowa bai samu rabin eka ba. Kuma a cikin wannan rabin ekar har da gidaje da hanyoyi da kasuwanni da makarantu da ruwan dam. Wannan lissafin 2006 ke nan, yaran da aka haifa a lokacin yanzu sun yi aure suna neman inda za su noma, ƙasar kuwa ba ta ƙaru da taki ɗaya ba.

Wannan matsi ba yau ya fara ba. Tun shekarun 1960 wani masani Bature mai suna Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya rubuta yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba a barin saura, ana riƙe ta da takin dabbobi da shara da jakuna ke ɗaukowa, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Duniya ta san mu da wannan. Kowace gona a nan gumin kakanni ne ya gyara ta.

Yanzu ku ɗora wannan a kan wancan. Tashar Kumbotso mai megawat 10 ta ci hekta 24, kusan eka 60. In aka zo da mai megawat 100 a kan wannan ma'auni, eka kusan 600 ke nan a dunƙule, a zagaye da waya. In mun ƙaddara kowane magidanci yana da hekta ɗaya, gida 240 sun rasa abin yi. Farantan sola kuwa sukan yi shekara 25 suna aiki, ba aron damina ɗaya ba ne. Har ila yau faranti ba ya shiri da inuwa, saboda haka ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da ke cikin filin duk sarewa za a yi. Kalwar daddawa ta tafi, miyar kuka ta tafi, abincin awaki na rani ya tafi. Za a ce muku ai za a ba 'ya'yanku aiki. Gaskiya ne, lokacin gini ana ɗaukar leburori da yawa. Amma in an gama, abin da ya rage masu gadi ne da masu wanke ƙurar hunturu daga kan faranti, da 'yan injiniyoyi kaɗan.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda har yanzu take aiki, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana domin jama'a. Tana ba shi ikon karɓe fili idan an ce don amfanin jama'a ne. Diyyar da ta tanada kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar shuka da gini, ba kuɗin ita ƙasar kanta ba. Dokar ta kuma ce idan ƙaramar hukuma ta karɓi gonar mutum ta ba shi wata a madadinta. To, ina tambayar dattawa, a ƙasar Minjibir ina wata gonar take da ba ta da mai ita? Kuɗin diyya kan ƙare a biki ɗaya da jinya ɗaya. Gona kuwa tana ciyar da kai, ta ciyar da ɗanka, ta ciyar da jikanka.

Manyanmu suna tune da Bakolori. Dam aka gina don amfanin jama'a a ƙasar Talatar Mafara, amma aka karɓi gonaki ba a daidaita da masu su ba. Cikin Afrilu 1980 rikicin diyya ya kai aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, manoma da yawa suka rasa rayukansu. Aikin alheri ne aka fara shi ta bayan gida. Ba ma fatan ko mai kama da wannan a nan, kuma rigakafi ya fi magani.

INA YA DACE?

Kada a ce mun hana ba mu nuna ba. Wuri akwai, sai dai a neme shi da idon ɗan gari. Jam'iyyarmu ta ce a raba ƙasar nan kashi uku a kan taswira.

Na farko JA, ba a taɓawa ko nawa za a biya: fadama da lambuna, gonakin da ake nomawa kowace shekara, burtali da makiyaya da mashaya, maƙabarta da filin idi, da wurin da itatuwan amfani suka yi yawa.

Na biyu KORE, a fara da su: rufin makarantu da asibitoci da sakatariya da rumfunan kasuwa, fako da ƙasar marmara wadda ko ciyawa ba ta fitowa, ramukan da aka ɗebi ƙasa don gina titi bayan an cike su, da filayen gwamnati da ke zaune ba a yin kome da su. Ku sani ba kowace tasha ce sai ta yi girman ta Kumbotso ba. Ƙaramar tasha mai kilowat 100, wadda za ta haska unguwa ta juya injin niƙa da famfon burtsatse, ba ta cin ko rabin filin ƙwallo. Irin waɗannan guda ashirin a warwatse cikin garuruwanmu sun fi mana amfani a kan ƙatuwa ɗaya da za ta cinye gonaki ta tura wutar birni, mu muna kallon waya tana wucewa ta kanmu.

Na uku RAWAYA, sai an zauna an yi shawara. Misali ruwan dam ɗin Wasai. A ƙasar Gana an shimfiɗa faranti masu yawo a kan ruwan dam ɗin Bui, a jihar Gujarat ta Indiya kuma tun 2012 aka rufa su a saman magudanar ban-ruwa, ba a ci gonar kowa ba, ruwan ma ya rage ƙafewa. Ana iya duba irin wannan a nan, amma sai masunta da masu lambu sun nuna inda ba zai tare musu kwalekwale da mashiga ba. Haka kuma wanda ya ga dama ya ba da gonarsa, a ɗaga farantan sama yadda tumaki za su yi kiwo a ƙarƙashi ko a shuka abin da ke son inuwa, kamar yadda ake yi a Jamus da Japan.

ALKAWARINMU

'Yan takararmu na gwamna da na majalisar jiha sun ɗauki waɗannan alkawura, ku riƙe wannan takarda shaida:

1. Ba za a ba kowane kamfani fili a ƙasar Minjibir ba sai an gama taswirar nan mai launi uku.

2. Ma'aikatan safiyo za su taka kowace mazaɓa da ƙafa, tare da dagaci da masu unguwanni da wakilan manoma da na Fulani da na mata, kuma da damina za a yi, lokacin da gona take nuna kanta.

3. Za a liƙa taswirar da Hausa, boko da ajami, a ƙofar dagaci da kasuwa har kwana 60, don mai ƙorafi ya kawo kafin a sa hannu.

4. Inda tilas sai an shiga gona, haya za a yi ba karɓewa ba. A biya mai gona kowace shekara, kuɗin ya riƙa tashi yadda farashin buhun gero yake tashi, in wa'adi ya cika kamfani ya kwashe ƙarafansa gona ta koma ga magada. Wanda ke noma ta da aro ko jingina shi ma a san da shi.

5. Garin da ya ba da wuri shi za a fara ba wuta, asibiti da makaranta da famfo a gaba.

6. Kamfani zai faɗi inda zai samo ruwan wanke farantansa tun kafin ya fara, kada rijiyoyinmu su ƙafe. Duk itacen da ya sare kuma zai dasa biyar ya raine su.

KAFIN RANAR ZAƁE

'Yan'uwa, kafin nan ga abin da ke hannunku. Duk wanda ya zo da takarda ya ce ku dangwala a kan maganar gona, kada ku dangwala sai an karanta muku ita a gaban shaidu, an kuma bar muku kwafi. Ku kewaya iyakar gonakinku da maƙwabta, ku gyara alamomi, gādon da ba a raba ba a san masu shi. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Masu neman ƙuri'a za su zo, namu da na wasu. Kowa ya zo ku yi masa tambaya uku. Ina za ka kafa solar? Wa zai zana taswirar? Gonata haya za ka yi ko karɓewa? Wanda ya amsa muku dalla-dalla ku saurare shi. Wanda ya ce ku bari sai ya hau, to ku ma ku ce masa ya bari sai ya amsa. Atamfa da sabulu da taliyar ranar zaɓe ba su kai mako biyu, sa hannun gwamna a kan fili kuwa yana wuce shekara ashirin.

Ku adana katin zaɓenku, kada ku ba kowa ajiya, kada ku sayar. Iyayenmu mata, ku fito da wuri. Samari, ban da faɗa, ban da zagi, ban da ɗaukar makami, wanda kuka saɓa da shi a siyasa gobe tare za ku yi gayya. Ku duba alamar jam'iyyarmu a bangon wannan ɗan littafi, ita za ku dangwala wa, sa'an nan ku tsaya a ƙirga a gabanku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.