Dajin Rugu da Sana'o'in da Ke Cin Abinci a Cikinsa

Yau za mu leƙa yammacin Jihar Katsina, wato Safana da Batsari.

Yanzu idan aka ce Dajin Rugu, mene ne ke fara zuwa maka a rai? 'Yan bindiga, ko? To amma kafin wannan masifa, dajin nan rumbu ne. Mutanen Runka da Ruma da ƙauyukan da ke bakinsa, da yawansu daga nan kayan sana'arsu ke fitowa.

Bari mu bi su ɗaya-ɗaya. Turmi da taɓarya masu ƙarko, da icen ƙirya masassaƙi ke yin su, saboda taurinsa. Gawayin ƙiryar nan kuma shi maƙeri ke so, don wutarsa na da zafi, da ita yake ƙera fartanya da lauje. Tabarma da igiya daga kaba suke, wato ganyen goriba. Daddawar da ke miyar kukarka daga ɗorawa take. Da bazara mata ke tara kalwa, a dafa ta sosai, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta yi, sannan a daka a shanya. Man kaɗe kuma daga ƙwaran kaɗanya, wanda ake tsinta da farkon damina.

Ga masu zuma. Ana saƙa amya, a shafe ta da kashin shanu, a ɗora a kan bishiya. Yaushe ake ɗiba? Da dare, da hayaƙi. To ka gaya min, wa zai hau bishiya a daji da tsakar dare a irin shekarun da aka shiga?

Ka ga inda matsalar take. Idan aka kai hari, ana ƙirga rayuka da shanu, kuma dole a ƙirga. Amma babu mai ƙirga sana'ar da ta tsaya. A 2021, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Safana da Batsari, an hana motoci ɗauko itace daga daji, an kuma katse layukan waya. Don tsaro aka yi. Sai dai ranar da Bafulatani bai sayar da sa ba, mai tabarma ma ba ta yi ciniki ba. Haka manomin rogo da dankali, amfanin da aka san Batsari da shi: gonar da ke nesa da gari sai dai ya hango ta.

Abin da ya fi damuna shi ne, sana'ar hannu ba a littafi take ba. Yaro na koyonta ne yana bin babansa daji, yarinya na zaune gefen kakarta. Idan iyali suka yi gudun hijira zuwa Katsina ko Dutsin-Ma, yaron ya kama acaɓa, tsohon ya rasu, shi ke nan, ilimin ya tafi da shi.

To me za mu yi, mu matasa? Na ɗaya, wayar da ke hannunka. Idan akwai tsoho masassaƙi ko tsohuwa mai daddawa a unguwarku, nemi izininsu ka ɗauki aikin tun daga farko har ƙarshe, ka tambayi sunan kowane kayan aiki. Na biyu, ka saya a hannunsu, kuma don Allah a rage taya wulaƙanci. Na uku, dashe. Ɗorawa da kaɗanya suna shekaru kafin su yi 'ya'ya, don haka wanda bai dasa bana ba, ya ƙara wa kansa jira.

'Yan Safana da Batsari, ku faɗa mana: wace sana'a ce kuka tashi kuna gani a garinku, yanzu ta yi wuyar gani? Allah Ya dawo mana da zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.